Kama da Saki: Yadda Aka Gano Masu Dakon da ke Cikin Jiki

Duk mahaucin da ya daɗe a sana'a ya san naman da aka yanka da asuba ba ya kai azahar yadda yake. Da farko tsoka takan yi laushi, ana lanƙwasa ƙafar dabba yadda aka ga dama. Bayan 'yan sa'o'i sai ta sandare, gaɓoɓi su ƙi motsi, sai an jima ƙwarai kafin ta sake sakin jiki. Masu wankan gawa ma sun san haka. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin mamakin da ke ciki: in dai ƙarfin tsoka daga abinci yake zuwa, me zai sa ta ƙame a daidai lokacin da abincin ya yanke mata? Fitilar da mai ya ƙare mata ai mutuwa take yi. Wannan tambaya ta ci wa masana fiye da shekara ɗari, kuma a cikin amsarta ne tarihin ƙananan injinan jiki ya ta'allaƙa, wato furotin ɗin da ke jan tsoka, su kaɗa jelar maniyyi, su yi dakon kaya a cikin jijiya. Ra'ayin da zan kare shi ne, a cikin ƙwayar halitta motsi arha ne, domin komai a can karkarwa yake yi dare da rana saboda zafi. Abin da ke da tsada shi ne tsari: a kama lokacin da ya dace, a saki lokacin da ya dace, kuma kullum ta fuska ɗaya. Wannan tsarin ne injinan ke saye da makamashinsu.

A 1864 wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya matse tsokar kwaɗo ya fitar da wani furotin mai yauƙi, ya raɗa masa suna mayosin. Suna kawai aka samu, ba a san aikinsa ba. Tunanin da ya mamaye fagen har zuwa farkon ƙarni na 20 shi ne tsoka kamar danƙon harbin tsuntsu take: an ja ta an ajiye ƙarfi a ciki, in saƙon jijiya ya zo sai wani sinadari mai tsami ya taru, danƙon ya ƙanƙance. A. V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus sun karɓi kyautar Nobel ta 1922 a kan auna zafin da tsoka ke fitarwa da kuma wannan sinadari mai tsami, ma'auninsu kuwa sahihi ne. Fassarar ce ta karkace. A 1923 Wallace Fenn, wanda yake aiki a ɗakin binciken Hill ɗin kansa, ya gano cewa tsokar da ta ɗaga kaya takan fitar da makamashi fiye da wadda aka riƙe ba ta motsa ba. Danƙo ba ya haka. Abin da aka zuba masa shi yake mayarwa, ko da kaya ko babu. Tsoka kuwa tana ƙara wuta gwargwadon nauyin aiki, kamar injin da ke ƙara shan mai a kan tudu. A 1930 kuma Einar Lundsgaard na Denmak ya sa wa tsoka gubar da ta hana ta yin sinadarin mai tsami gaba ɗaya, amma ta ci gaba da ja na ɗan lokaci. Sanadin da aka dogara da shi ya faɗi ke nan.

Man da injin ke sha na ainihi an gano shi a 1929, lokacin da Karl Lohmann ya ware sinadarin ATP daga tsoka. Bayan shekara goma, a Mosko, Vladimir Engelhardt da matarsa Militsa Lyubimova suka nuna cewa mayosin ɗin nan na Kühne shi da kansa yake fasa ATP, wato abin da ke ja shi ne abin da ke ƙona man. Sai yaƙin duniya na biyu ya raba masana da juna, labarin ya koma wani gari a kudancin Hungari, Szeged, wurin Albert Szent-Györgyi, wanda ya riga ya sami Nobel a 1937 kan bitamin C. Shi da Ilona Banga sun lura cewa in aka bar niƙaƙƙiyar tsoka ta kwana cikin ruwan gishiri, abin da ke fitowa ya fi kauri nesa ba kusa ba a kan wanda aka tace cikin mintuna. Brunó Straub ya bi diddigi, a 1942 ya ware furotin na biyu da ke haddasa kaurin, aka kira shi aktin. Da suka haɗa mayosin da aktin suka yi zare, suka ɗiga masa ATP, sai zaren ya tsuke a gaban idonsu. Babu rai, babu jijiya, furotin biyu da mai kawai. Gwaji ne mai girma, amma ya ƙara wa tsohon kuskure ƙarfi, domin wanda ya ga zare ya gajarta da idonsa zai yi wuya ya yarda cewa babu abin da ya naɗe a ciki. William Astbury na Leeds, wanda ya yi suna wajen nazarin yadda gashin tunkiya ke miƙewa ya koma, ya ba wannan tunani hujjar da ta yi kama da gaskiya. Ido ya gani, amma gani ya kori ji ne kawai in an san abin da ake kallo.

Ranar 22 ga Mayu 1954 mujallar Nature ta buga takardu biyu a jere. Ɗaya ta Andrew Huxley da Rolf Niedergerke daga Kambirij, ɗaya ta Hugh Huxley da Jean Hanson, waɗanda suke aiki a MIT a Amurka. Huxley biyun nan suna kawai ya haɗa su, babu dangantaka. A ƙarƙashin madubin ƙara girma, tsoka tana da zane-zane, baƙi da fari a jere, kamar saƙi. Dukkan ɓangarorin sun auna zanen yayin da tsoka ke ja da yayin da ake miƙa ta, suka sami abu ɗaya: baƙin zanen, inda mayosin yake, ba ya canza faɗi, yana nan wajen maikuromita ɗaya da rabi, farin ne ke raguwa. In da zarurrukan suna naɗewa, da baƙin ya tsuke. Bayanin da ya rage shi ne zarurruka iri biyu ne, masu kauri na mayosin da sirara na aktin, suna zamewa cikin juna kamar takobi da kube: tsawon duka biyun tare yana raguwa, amma takobi bai gajarta ba, kube ma haka. Andrew Huxley ya nuna daga baya cewa wasu masu madubi na ƙarni na 19 sun ga abu mai kama da wannan, aka yi watsi da shi saboda bai dace da ra'ayin da ke tashe ba. A 1966 shi da Gordon da Julian suka kawo hujjar da ta fi wuyar musu: ƙarfin zaren tsokar kwaɗo yana raguwa daidai gwargwadon yadda aka zare siraran zarurruka daga cikin masu kauri, har ya kai sifiri a inda suka daina haɗuwa. Ƙarfi ke nan yana fitowa daga wuraren haɗuwa, kowanne yana ba da rabonsa.

Waɗannan wuraren haɗuwa Hugh Huxley ya ɗauki hotonsu da madubin lantarki a 1957: ƙananan kawuna da ke fitowa daga zaren mayosin suna taɓa aktin. A 1969 ya ce kawunan suna kamawa, su karkata, su saki, su sake kamawa a gaba. Amma a wane mataki ATP ke shiga? Hankali zai ce a lokacin ja. Richard Lymn da Edwin Taylor na Jami'ar Chicago sun auna saurin kowane mataki a 1971, suka sami akasin haka. Shigar ATP cikin kan mayosin ita ce ke sa shi ya saki aktin. Fasa ATP yana faruwa ne bayan an saki, shi ke mayar da kan ya ɗana. Jan kansa yana zuwa ne bayan kan ya sake kamawa, yana fitar da ɓarɓashin man da ya ƙone. A nan tambayar mahauci ta sami amsa. In jini ya daina zagayawa, ATP ya ƙare, kawunan mayosin sun kama aktin babu mai sa su saki, sai naman ya ƙame har ruɓewa ta fara warware furotin ɗin. Wanda ya taɓa jan guga daga rijiya mai zurfi ya san cewa gwaninta ba a riƙon igiya kaɗai take ba. Hannun da ya kama bai saki ba ba ya fitar da ruwa, wanda ya saki kafin ɗan'uwansa ya kama kuma guga ta koma ƙasa.

Ba tsoka kaɗai ke da inji ba. A farkon shekarun 1960 Ian Gibbons ya ware wani furotin daga gashin da wata ƙaramar halittar ruwa ke iyo da shi, aka sa masa suna dainin a 1965, kuma a 1971 shi da Keith Summers suka nuna cewa jelar maniyyi ma da zamewar bututu a kan bututu take kaɗawa. A 1976 Björn Afzelius na Suwidin ya gano cewa wasu mazan da maniyyinsu ba ya motsi, masu fama da ciwon ƙirji na dindindin, hannuwan dainin ne babu a jikinsu. Wajen rabin masu wannan cuta zuciyarsu a dama take. Matsalar da ta fi tsaya wa masana a rai kuwa ta jijiya ce. Ƙwayar jijiyar da ke motsa yatsan ƙafa gidanta a cikin laka yake, a gadon baya, reshenta kuma ya kai kusan mita ɗaya. A gidan ake ƙera mafi yawan kayan da reshen ke buƙata. In aka bar kaya su bazu da kansu kamar yadda shuɗi ke bazuwa a ruwa, ninka nisa sau biyu yana ninka lokaci sau huɗu; abin da ke ƙetare ƙaramar ƙwaya cikin 'yan daƙiƙu zai ci ɗaruruwan shekaru kafin ya yi mita ɗaya. Amma tun 1948 Paul Weiss ya ga cewa in aka ɗaure jijiya takan kumbura ta ɓangaren gida, kamar hanyar ruwa da aka datse, daga baya kuma aka auna wasu kaya suna yin har milimita 400 a yini. Akwai ɗan dako ke nan, ba a dai san ko wane ne ba.

An kama shi a Woods Hole, wata tashar binciken teku a gabashin Amurka, da taimakon abubuwa biyu. Na farko kyamarar bidiyo: a 1981 Robert Allen da Shinya Inoué, kowa a nasa ɓangaren, suka gano cewa in aka haɗa ta da madubi aka ƙara bambancin haske da duhu, ana iya ganin abubuwan da ido ba ya gani. Na biyu wata dabbar teku mai hannuwa goma, sikwid, wadda ke da jijiya mai kaurin da ya kusa milimita ɗaya, har ana matse abin cikinta kamar man goge baki. A jijiyar wannan dabba ce Andrew Huxley da Alan Hodgkin suka yi aikin da ya ba su Nobel a 1963. A cikin abin da aka matso, an ga ƙananan jakunkuna suna gudu a kan siraran bututu, wasu gaba wasu baya. A 1985 Ronald Vale da Thomas Reese da Michael Sheetz suka ware furotin ɗin da ke ɗaukar su suka kira shi kinesin. Scott Brady ma ya same shi a ƙwaƙwalwar ɗan tsako a shekarar. Dabarar kamun ta cancanci a tsaya a kanta: an ba injin wani jabun ATP da ba ya fasuwa, sai ya maƙale a jikin bututu ya kasa saki, aka kwashe shi tare da bututun. Sandarewar gawa ce aka ƙirƙira a cikin kwalba. A 1987 ɗakin binciken Richard Vallee ya nuna cewa wani nau'in dainin ne ke dakon dawowa.

Har zuwa wannan lokaci duk abin da aka sani game da inji ɗaya lissafi ne daga aikin miliyoyi. Abin da ya sauya haka shi ne hantsakin haske, wanda Arthur Ashkin ya ƙirƙira a 1986: hasken lesa da aka tattara wuri ɗaya yana iya riƙe ɗan ƙaramin dutsen ado na gilas ko roba, kuma in wani abu ya ja dutsen, ana iya auna nisan da ƙarfin. A 1993 Karel Svoboda da Steven Block da abokan aikinsu suka ɗora kinesin ɗaya a kan irin wannan dutse suka ga yana tafiya taku-taku, kowane taku nanomita 8, daidai tazarar tubalan da aka gina bututun da su. Kaurin gashin kai ɗaya zai ci masa taku wajen dubu goma, mita ɗaya kuma miliyan 125. Yana yin taku kusan ɗari a daƙiƙa, ATP ɗaya kan kowane taku, kuma yana tsayawa in nauyi ya kai pikonutan 6 ko kusa da haka. Pikonutan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na ƙarfin da giram 100 ke danna tafin hannu da shi. A 1994 Jeffrey Finer da Robert Simmons da James Spudich suka auna mayosin ɗaya: ja na wajen nanomita 11, ƙarfi pikonutan 3 zuwa 4. Shekara ɗaya kafin nan Ivan Rayment ya fitar da siffar kan mayosin na kaza, aka ga yana da dogon wuya wanda ke aiki kamar hannun famfon burtsatse: ɗan motsi a gindi, babban motsi a ƙarshe. A 1996 Taro Uyeda da Spudich suka tsawaita wuyan suka kuma gajarta shi ta hanyar sauya ƙwayoyin gado, sauri ya bi tsawon wuya. A 2004 ɗakin binciken Dietmar Manstein a Jamus ya juya wuyan ya fuskanci baya, injin ya koma tafiya da baya.

Mai musu zai tsaya a nan ya ce to ai magana ta ƙare. Ga wuya, ga karkatarsa, an auna, an juya shi ya juya; wannan bugu ne na inji sosai, ina batun cewa motsi arha ne? Hujjar tana da nauyi, kuma ban ga yadda za a musanta cewa wuyan mayosin yana karkata ba. Amma kalmar inji tana jawo hoton da bai dace da wurin ba. Injin niƙa yana da nauyi, in aka kashe shi yakan ci gaba da juyawa. A girman ƙwayar cuta, kamar yadda Edward Purcell ya lissafa a 1977, ruwa ya fi zuma kauri: in ƙwayar ta daina iyo takan tsaya kafin ta yi nisan da ya kai faɗin atam ɗaya. Babu tunkuɗawa a bar abu ya ƙarasa da kansa. Ga kuma karkarwar ƙananan abubuwa cikin ruwa da Robert Brown ya gani a 1827, wadda Einstein ya bayyana a 1905 da cewa dukan ƙwayoyin ruwa ne ta ko'ina. A ma'aunin pikonutan sau nanomita, ƙarfin wannan duka wajen 4 ne, ATP ɗaya yana ba da tsakanin 80 da 100, takun kinesin a ƙarƙashin cikakken nauyi kuma yana cin kusan 48. Tazarar ba ta da yawa. Injin yana aiki ne a tsakiyar guguwa. Kuma kinesin ya nuna yadda ake cin moriyarta. Yana da kawuna biyu da ke karɓa-karɓa, na baya ya yi tafiyar nanomita 16 ya wuce na gaba, abin da Ahmet Yildiz da Paul Selvin suka tabbatar a 2004. Ɗan guntun zaren da ke haɗa kowane kai da gangar jikin injin, wanda ke lafewa in ATP ya shiga, ya yi gajarta ƙwarai a ce shi ya kai kan dukan wannan nisa. Abin da yake yi shi ne karkata kan zuwa gaba. Sauran tafiyar lalube ce, ruwa na wurgi da shi har ya dace da mazauni ya kama. A 2005 Nicholas Carter da Robert Cross suka ja kinesin baya da ƙarfin da ya fi nasa, sai ya riƙa takawa da baya, nanomita 8 kowane taku. Abin lura kuma, lissafin farko da Andrew Huxley ya yi a 1957 haka ya zana mayosin: kai mai lilo saboda zafi, wanda ya fi saurin kamawa in ya lila ta fuska ɗaya, ya fi saurin saki in ya koma ɗayar.

Akwai masu musu ta ɗaya gefen, waɗanda suka wuce inda na tsaya. Toshio Yanagida na Osaka, ɗaya daga cikin gwanayen wannan fage, ya ba da rahoto a 1985 cewa mayosin na iya zame aktin fiye da nanomita 60 da ATP ɗaya, nisan da wuya ba zai iya kai wa ba, daga baya kuma ya ce kan yana yin ƙananan taku da yawa a jere da taimakon zafi. Mafi yawan ɗakunan bincike ba su sami wannan adadi ba, kuma gwaje-gwajen wuya da na ambata sun yi masa nauyi. A ganina ya yi kuskure a ma'auni amma ya yi daidai da ya hana mutane mantawa da zafi. Sai dai akwai iyaka da ba a tsallakewa. Marian Smoluchowski a 1912, sannan Richard Feynman a laccocinsa, sun nuna cewa ko da an ƙera ƙaramar taya mai haƙora da ke juyawa gefe ɗaya kawai, irin ta bayan keke, zafi kaɗai ba zai juya ta ba, domin ɗan harshen da ke tare haƙoran shi ma karkarwa yake yi, yakan ɗaga a bar taya ta koma. Kafin lalube ya zama tafiya, dole a biya kuɗin rufe ƙofa a bayan kowane taku. Fasa ATP da zubar da ɓarɓashinsa mataki ne da ba ya komawa cikin sauƙi, shi ne ke hana abin da aka ci ya zube.

Musu na ƙarshe ya fi sauƙin faɗa: duk wannan a kan gilas aka gani, cikin ruwa mai tsabta, alhali cikin ƙwayar halitta cunkoso ne kamar kasuwa ranar cinta. Akwai gaskiya a ciki, dainin ne shaida. Shekaru da yawa dainin na dabbobi masu shayarwa in aka tace shi shi kaɗai da ƙyar yake tafiya, sai a 2014 ɗakunan binciken Vale da Andrew Carter suka nuna cewa ba ya tashi sai ya haɗu da wani babban mataimaki da kuma furotin ɗin da ke ɗaura masa kaya. Gilas ya ɓoye wannan. Amma ilimin da aka samu a gilas an gwada shi a jikin mutum. A 1990 ɗakin binciken Christine da Jonathan Seidman ya gano cewa sauyin tubali ɗaya a mayosin na zuciya yana haddasa ciwon kaurin bangon zuciya da ake gado, wanda kan kashe matasa farat ɗaya. Bincike ya nuna cewa a wannan ciwo kawunan da ke kamawa sun yi yawa, zuciya ta kasa sakin jiki ta cika da jini yadda ya kamata. Maganin mavacamten, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2022, aikinsa rage yawan kawunan da ke kama aktin ne. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma da irin wannan inji take aiki: tana da nata mayosin a ƙarƙashin fatarta, yana kama gajerun zarurrukan aktin yana ja, da haka take kutsawa cikin jar ƙwayar jini cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Masu neman magani suna farautar sinadarin da zai maƙale wannan mayosin. Wahalarsu ita ce gurbin da ATP ke shiga ya yi kama da juna a dukan dangin, har a 1996 aka gano cewa cibiyar kinesin ma siffa ɗaya take da ta mayosin, don haka dole a nemo lungun da mayosin na ƙwayar cutar ya bambanta da wanda ke buga zuciyar majiyyacin.